Ɓangaren da Ya Fi Kawo Maki

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki da kwamfuta a kan cinya, ina lallaɓa ragowar cajinta kafin a kawo wuta, sai ga 'yar yayata ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo mini littafinta na aji. Gidanmu da nasu duk a Na'ibawa suke, layi uku ne tsakani, can bayan kasuwar 'Yan Lemo. Tana ajin ƙarshe na sakandare, saura 'yan watanni ta zana jarrabawar WAEC. Tun da dangi suka san na yi jami'a, duk aikin gidan da ya gagari yaro a wurina yake kwana, ko da yake ilimin kwamfuta na karanta ba Turanci ba.

Malaminsu na Turanci ne ya ba su insha'in muhawara. Idan aka mayar da tambayar Hausa, ga abin da take cewa: kai ne babban mai jawabi a wata muhawara mai taken "masana'antu sun fi cutar da al'umma a kan amfanar da ita", rubuta jawabinka, ko dai ka goyi bayan batun ko ka soke shi. Yarinyar ta riga ta yi abin da aka koya musu. Ta ja layi ta raba shafi biyu. A hagu ta jera hujjojin cutarwa guda bakwai: hayaƙi, wari, gurɓataccen ruwa, ƙarar injina, haɗarin da ma'aikata ke shiga, ƙarancin albashi, da manyan motocin da ke farfasa tituna. A dama uku kacal ta samu: aikin yi, haraji, da kayan da ake ƙerawa. Ƙa'idar malam kuwa a fili take: a ɗauki ɓangaren da ya fi yawan hujjoji, domin shi zai cika shafi ba tare da an yi ta kame-kame ba.

Na ce mata, "To, ai kin gama aiki. Bakwai ta fi uku."

Ta yi shiru tana wasa da bakin hijabinta. Can ta ce, "Kawu, ni fa ban yarda da shi ba. Baba a kamfanin fata yake aiki a Challawa. Da kuɗin can aka biya mini kuɗin jarrabawar nan ma. In na rubuta cewa cutarwarsu ta fi yawa, ban yi ƙarya ba?"

Dariya na yi, na ce ai jarrabawa ce, ba rantsuwa a gaban alƙali ba. Ta karɓi littafinta ta tafi. Tun daga tafiyarta na san amsar ba ta gamsar da ita ba, kuma kafin a kira magariba ni ma ta daina gamsar da ni.

Ba wai amsar tawa kuskure ce ba. Ƙarya tana buƙatar mutum biyu, mai faɗa da mai sauraron da ya ɗauka abin da aka faɗa masa shi ne abin da ke zuciyar mai faɗar. A ɗakin jarrabawa babu na biyun. Tambayar da kanta ta ce "kai ne babban mai jawabi", wato ta ara maka riga ta ce ka sa, kuma kowa ya san ta aro ce. Wanda ya fito a ɓarawo a fim ɗin Hausa ba a kai shi caji ofis. Mai duba takardar shi ma ba ra'ayin yarinyar yake nema ba. A takardar Turanci ta WAEC tambayoyin insha'i biyar ake ba ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kalmomin da ba su gaza 450 ba, a kuma ba shi shawarar ya gama cikin minti 50. Maki 50 ake rabawa: 10 na abin da rubutun ya ƙunsa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu. Duk cikin rabon nan babu gurbin da aka ware wa tambayar ko ɗalibi ya gaskata abin da ya rubuta.

Ni kuwa ban ga laifin hakan ba. Hukumar da ke nan tun 1952, wadda a yanzu yara fiye da miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawarta kowace shekara a Najeriya kaɗai, ba ta da mudun da za ta auna zuciya da shi. Da a ce ra'ayi ake ba maki, da yaron Kano da takardarsa ta faɗa hannun mai dubawar da bai son ra'ayinsa ya shiga uku. Rahama ce a ce ba a tambayar ka abin da ka yi imani da shi.

Sai dai yarinyar ba fatawa ta zo nema ba. Abin da take tambaya, ko da ba ta furta shi haka ba, shi ne: mutumin da ya yi shekaru yana koyon kare abin da bai yarda da shi ba har ya gwanance, me yake saura a cikinsa?

Tambayar ta girmi WAEC nesa ba kusa ba. A shekara ta 155 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Atina na ƙasar Girka suka tura masana falsafa uku zuwa Roma, su roƙi a sassauta musu wata tara da aka ɗora musu. Cikinsu akwai Karniyadis, shugaban makarantar da Aflaton ya kafa. Yana jiran majalisa ta saurare su sai ya buɗe karatu. Rana ta farko ya yi jawabi yana yabon adalci, ya kafa hujjoji har kowa ya gamsu. Kashegari ya dawo ya rushe duk abin da ya gina jiya, ya nuna cewa adalci yarjejeniya ce kawai ta mutane, kuma mai bin sa tsakani da Allah kan cuci kansa. Nan ma jama'a suka rasa bakin musu. Samarin Roma suka riƙa tururuwa zuwa wurinsa. Wani dattijo a majalisar, Kato, ya matsa a yanke hukunci kan buƙatar baƙin nan da wuri a sallame su, kafin su lalata tarbiyyar yara.

Da na fara jin labarin nan ina ɗalibi, Kato na yi wa dariya, na ɗauke shi tsohon da ke tsoron ilimi. Yanzu ina ganin ya hango wani abu. Wanda ya iya kare kowane ɓangare da ƙarfi iri ɗaya, yana iya wayar gari ya tarar babu ɓangaren da ya dame shi. Mun san irinsu. Suna nan a gidajen rediyo, bara suna kare wannan jam'iyya, bana suna zaginta da murya ɗaya da misalai iri ɗaya. Ba ƙarya ce ta fara cinye su ba, gwaninta ce.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya san wannan cuta ciki da waje, domin shi kansa zakaran muhawara ne a Bagadaza kafin ya ajiye kujerarsa ta koyarwa ya bar garin. A farkon Ihya'u ya tsaya ya lissafa ɓarnar da muhawara ke yi wa zuciyar malami, irin su hassada da girman kai da jin haushin gaskiya idan ta fito daga bakin abokin karawa. Amma bai haramta ta ba. Sharuɗɗa ya gindaya, cikinsu har da cewa mai muhawara ya zama kamar wanda abinsa ya ɓata yana cigiya: ba ruwansa da ko shi ya tsinta ko wanda ke taya shi nema, muddin an gani. Na ajiye wannan kusa da ƙa'idar malamin 'yar yayata, sai na ga inda suka raba hanya. Shi Gazali abin da ya ɓace yake so a gano. Ita ƙa'idar aji tambayarta ita ce wane ɓangare ya fi sauƙin ɗauka.

Kuma a nan ne na fara ganin kuskuren da na yi da na ce mata bakwai ta fi uku. Ko a 'Yan Lemo ba a ciniki haka. Babu dillalin da zai yarda ka ba shi lemon tsami bakwai ka ɗauki kankana uku ka ce ka yi masa alheri. Hujja ma auna ta ake yi. "Aikin yi" layi ɗaya ne a shafinta, amma a gidansu baki tara ne ke ci daga layin nan. "Gurɓataccen ruwa" shi ma layi ɗaya ne, amma kogi ne guda. "Ƙarar injina" da "wari" kuwa, duk da sun samu layi ɗai-ɗai kamar sauran, ba su kai rabin nauyin ko ɗaya daga cikin biyun can ba. Jadawalin gida biyu da ake koya wa yara yana da amfani wajen tattaro abin da mutum ya sani, amma yana mayar da kowace hujja tsawo ɗaya, sai yaro ya ɗauka ƙidaya ita ce tunani.

Kashegari bayan isha'i na taka zuwa gidansu. Na ce ta ɗauko littafin, mu manta da amsa tukuna, mu karanta tambayar. Ta ce ai ta karanta. Na ce ta ja layi a ƙarƙashin kalmomin da in aka canza su tambayar za ta zama wata daban. Bayan 'yar gardama muka tsaya a kan uku: "masana'antu", "al'umma", da "sun fi".

Muka fara da "al'umma". Wace? Akwai ma'aikacin da ke sammako zuwa Challawa. Akwai manomin lambu da ke ban-ruwan latas da alayyafo a gefen rafin Salanta, wanda ke kwaso dagwalon Sharada, da wanda zai sayi latas ɗin a kasuwa bai san inda aka noma shi ba. Akwai masuncin kogin Challawa, inda ruwan da aka jeme fata da sinadarai kan ƙare. Akwai mai sayar da abinci a ƙofar kamfani, da mai adaidaita sahun da ke ɗaukar ma'aikata. Akwai kuma yaron da ba a haifa ba, wanda zai gaji ƙasar da ruwan. Duka waɗannan al'umma ce, kuma lissafin riba da asara ba ɗaya ba ne a wurinsu.

Sai "masana'antu". Waɗanda ke aiki, ko har da waɗanda suka mutu? Na tambaye ta ko ta taɓa ratsa Bompai ta ga dogayen katangun da ciyawa ta cinye ƙofofinsu. Na ba ta labarin da mu ma ji muka yi daga manya, na lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wuta, da atamfar waje da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya su durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai auna cutarwar masana'anta, ya kamata ya auna cutarwar rashinta, kuma Kano ta ɗanɗani duka biyun. Wannan hujja ce da ba ta cikin ukunta, alhali ta fi su ƙarfi. Ba ta zo mata ba ne saboda ta yi saurin zuwa ga amsa.

"Sun fi" kuwa ita ce ke neman sikeli. Tambayar ba ta ce ko masana'antu na cutarwa ba, wannan babu mai musu. Ba ta kuma ce ko suna amfanarwa ba. Kwatantawa ta nema. Duk jawabin da ya jera cutarwa bakwai bai taɓa ɗora su kusa da amfanin ya nuna yadda suka rinjaye shi ba, to bai amsa tambayar ba, komai daɗin Turancinsa.

Tana cikin rubuta waɗannan sai ta ɗago ta ce, "Kawu, ashe abin da na yarda da shi ba shi aka tambaye ni ba." Haka ne. Abin da ta yarda da shi shi ne masana'anta ta amfani gidansu, kuma wannan gaskiya ce da babu jarrabawar da za ta ƙwace mata. Abin da aka tambaye ta kuwa ya haɗa da mai latas ɗin Salanta. Tana iya riƙe na farko ba tare da ta riga ta san amsar na biyu ba.

A ganina wannan shi ne mafi tsadar abin da insha'in jarrabawa ke iya koya wa mutum, kuma ba dabarar cin maki ba ce kawai, ɗabi'a ce. Raba abin da aka tambaye ka da abin da ke yi maka ciwo yana buƙatar haƙuri da adalci. Saurari gardamar majalisar unguwa, ko ka leƙa Facebook ranar da wani batu ya tashi. Rabin mutanen tambayar da ba a yi ba suke amsawa. An ce gwamnati ta gina gada a inda bai dace ba, wani ya taso yana rantsuwa cewa gadar tana da kyau. An ce wane ya yi kuskure a magana, wani ya fara lissafa masallatan da ya gina. Ana ga yaƙi suna ga ƙura. Wanda bai tsaya ya ji me aka tambaya ba, ya raina mai tambayar tun kafin ya buɗe baki.

Malaman usulu suna da suna ga wannan aiki, suna kiransa tahriru mahallin niza'i, wato a share fage a gano ainihin inda saɓani yake kafin a fara jifa da hujjoji. Tarihinmu ma yana da misalinsa. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuta wasiƙu yana tambayar dalilin da ya halatta yaƙar Borno, ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci. Hujjarsa ita ce abubuwan da ake zargin mutanen Borno da su, irin su cin hanci da cin dukiyar marayu da wasu al'adu, saɓo ne ba kafirci ba, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga irinsu. Muhammadu Bello ya mayar da martani cewa ba a nan gizo ke saƙar ba: ba don saɓo aka yaƙe su ba, sai don sarautar Borno ta mara wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu. Ba ni da hurumin raba gardamar manya. Abin da ya ja hankalina shi ne yawancin karawar a kan mece ce tambayar aka yi ta. Sannan Bello, da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya kwafe wasiƙun abokin karawarsa ya sa a ciki. Da ya so da ya taƙaita su yadda za su yi sauƙin rushewa. Yau shekara fiye da 200 muna karanta hujjar al-Kanemi da ƙarfinta daga littafin wanda ya yi jayayya da shi.

Da wannan na ba ta shawara a kan tsarin jawabin. Na ce duk ɓangaren da ta zaɓa, ta ware sakin layi ɗaya ga hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren, ta faɗe ta yadda mai ita zai ji ya ce e, haka nake nufi, sannan ta nuna dalilin da ya sa duk da haka ba ta rinjaya ba. Na kuma ce mata akwai abu ɗaya da rigar aro ba ta halatta ba, shi ne ƙirƙiro shaida. Yara da yawa an koya musu su rubuta "bincike ya nuna kashi saba'in cikin ɗari", alhali babu binciken, don sun san mai dubawa ba shi da lokacin bibiya. Matsayi ana iya aron sa, kowa ya san wasan. Adadin da ka ƙago kuwa ka miƙa shi ne a matsayin gaskiya, kuma wannan ƙarya ce ko a ɗakin jarrabawa ko a wajensa.

Na dawo gida ina jin na yi abin kirki. Da a nan maganar ta tsaya da ban rubuta wannan ba.

Shekaru kaɗan da suka wuce wata masana'anta a ɗaya daga cikin rukunonin nan na Kano ta ba ni aiki. Suna da na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, suna so in rubuta manhajar da za ta haɗa ta da lissafin albashi, yadda duk wanda ya makara fiye da minti goma za a zaftare masa wani abu kai tsaye, ba sai akanta ya zauna da biro ba. Na karɓi tambayar nan na yi mata irin karatun da na koya wa 'yar yayata, har ma fiye. Na ja layi a ƙarƙashin kowace kalma. Me ake nufi da makara ga mai aikin dare da ya shiga jiya zai fita yau? Ranar Juma'a fa, da ake fita masallaci a dawo? Idan wuta ta ɗauke agogon na'urar ya rikice fa? Wanda ya dangwala sau biyu fa? Manajan ya yaba, ya ce bai taɓa ganin mai tambaya dalla-dalla irina ba. Manhajar ta yi aiki ba tangarɗa.

Bayan wata huɗu aka kira ni in gyara wani ɗan abu, sai na yi sammako. Abin da na tarar a ƙofa layi ne, ya miƙe har bakin titi. Na'ura ɗaya ce ga dukkan masu aikin safe. Wanda ya iso da saura kwata ya tarar da layi, kafin ya kai ga na'urar ya riga ya makara a idon manhajata. Wani dattijo da ya ga jakar kwamfuta a kafaɗata ya ce, "Yaro, kai ne mai na'urar nan?" Na ce ni ne. Bai yi faɗa ba. Tafin hannunsa ya buɗe mini. Aiki da sinadarai sun shafe zanen yatsunsa, sun yi sumul. Ya ce sai ya dangwala sau biyar ko shida kafin ta karɓa, na bayansa suna tsaki, wata rana ma ba ta karɓa sam sai a rubuta bai zo ba.

Duk tambayoyin da na yi wa manajan, a cikin da'irar da ya zana mini na yi su. Ban taɓa tambayar me ya sa ma'aikatan ke makara ba, ko ma shin makara suke yi da gaske. Ban je ƙofar na tsaya da safe ko sau ɗaya ba. Da jarrabawa ce da na cinye makin duka, domin abin da aka tambaya na amsa, na tsara shi, ban kauce ba. Na faɗa wa manajan abin da na gani, ya yarda aka ƙaro na'ura ta biyu, na kuma sa wa irin su dattijon nan lambar sirri maimakon yatsa. Kuɗin wata huɗun da aka zaftare musu ba a mayar ba. Na ambata sau ɗaya, ya canza magana, ni kuma cikon kuɗina yana hannunsa, sai na bar kaza cikin gashinta.

Wannan ce ɓarnar da nake jin tsoro, kuma ta fi wadda Kato ya hango ɓoyuwa. Daga firamare zuwa jami'a shekara goma sha shida na yi ana horar da ni a kan abu ɗaya: tambaya daga sama take zuwa, a buge, ba a taɓa ta. Aikinka ka fahimce ta, ka tsara amsa, ka gama kafin a ce a ajiye biro. Babu maki ga wanda ya rubuta cewa tambayar ba ta tsayu daidai ba, ko cewa masana'anta da al'umma ba abokan gaba ba ne da za a ɗora a sikeli, abin tambaya shi ne wa ke kwasar amfanin, wa aka bar wa dagwalon. Babu maki ga "ban sani ba" ma. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma malamai suna kawo wannan ne a babin yabonsa. A takardar jarrabawa faɗuwa ce warwas.

A sana'ata abin ya ƙara fitowa fili tun da manhajoji irin ChatGPT suka bayyana a 2022. Ka ba ta taken muhawarar 'yar yayata, kafin ka kurɓi shayi ta rubuto maka jawabin goyon baya, ka ce ta juya ta rubuto na suka, duka biyun da gabatarwa da sakin layi da kammalawa tsaf. Karniyadis kwana biyu ya ɗauka. Ita ba ta da uba a Challawa, ba kuma za ta je ƙofar kamfani da asuba ta ga layi ba. Ni ma ban je ba, kuma ni ba ni da uzurinta.

Ban faɗa wa yarinyar wannan labarin ba a lokacin. Abin da na ce mata shi ne tunda aikin gida ne, ba agogo a kanta, ta rubuta duka biyun, ta fara da wanda ba ta so. Ta yi. Yayata ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Wai da daddare ta zauna ta fassara wa babanta jawabin cutarwar da Hausa, tana yi tana satar kallonsa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba. Da ta gama sai ya ce ta manta da abu ɗaya, ya lissafa mata abokan aikinsa da tari ya kama, ya ce ta ƙara wannan ya zama na takwas. Sannan ya ce a tashe shi da wuri, gobe shi ke aikin safe.

Jawabin amfanin ta miƙa wa malam daga ƙarshe, da hujjar masaƙun da suka mutu a tsakiyarsa, da sakin layi guda a kan ruwan Salanta da tarin ma'aikata. Ya ba ta 31 cikin 50. A gefen sakin layin nan ya ja jan biro ya rubuta cewa ta ɓata kalmomi tana taya abokan hamayya faɗa. Ban yarda da shi ba, amma shi ya shekara yana duba takardu, ni ban taɓa duba ko ɗaya ba.

Ta kawo mini takardar na gani. Na yaba Turancin, na nuna mata wurare biyu da ta sa waƙafi inda aya ta kamata. Tana shirin tashi sai ta ce, "Kawu, to ranar jarrabawar fa? In irin wannan ta fito, minti hamsin ne kawai. Wanne zan yi, naka ko na malam?"

Na tuna cewa in babu kiredit a Turanci babu jami'a, na tuna daga inda kuɗin rajistar ya fito, da cewa ba lalle a iya biya sau biyu ba. Na ce ta ba tambayar minti biyar na farko ta karanta ta yadda muka yi, kada ta ƙago adadi. Bayan haka, in ta ga lokaci zai ƙure mata, ta ɗauki ɓangaren da ya fi yawan hujjoji.

Ta dube ni kamar za ta ce wani abu, sai ta naɗe takardar ta sa cikin littafi, ta ce sai da safe.